Hidradenitis suppurativa: waɗanda take kamawa da cututtukan da ke tafiya da ita

Hidradenitis suppurativa cuta ce ta fata mai daɗewa, wadda ke fitar da ƙuraje masu zafi kamar maruru a wuraren da fata ke gugar juna: hammata, matsematsi, ƙarƙashin nono, tsakanin cinyoyi, ɗuwawu da kewayen dubura. Ƙurajen sukan fashe su zubar da mugunya, su warke su sake dawowa, har su bar tabo da ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin fata. Likitan Faransa Alfred Velpeau ne ya fara bayyana ta a 1839, sannan daga 1854 Aristide Verneuil ya danganta ta da gurbin da zufa ke fitowa. A yau an gano cewa tushenta toshewar ramin gashi ne, wanda ke fashewa ya tayar da garkuwar jiki. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma ba rashin tsafta ke jawo ta ba.

Waɗanda take kamawa

Cutar takan fara ne bayan balaga, galibi tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekaru 30. Da wuya ta kama yaron da bai balaga ba, kuma ga mata da yawa takan lafa bayan sun daina al'ada. Wasu matan sukan ga ta tsananta gab da zuwan al'ada, abin da ya sa ake ganin sinadaran jinsi na da hannu a cikinta.

A Turai da Amurka ta Arewa, mata sun ninka maza kusan sau uku a cikin masu cutar. A Koriya ta Kudu da Japan kuwa maza ne suka fi yawa. Ƙiyasin yawanta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Turai ana yawan ambaton kusan kashi 1 cikin 100 na jama'a, a Amurka kuma bayanan asibitoci sun nuna kusan mutum 1 cikin 1,000, inda yawan kamuwa da ita a cikin baƙar fata ya ninka na farar fata kusan sau uku. Adadin gaskiya ya fi wanda aka rubuta, domin matsakaicin lokacin da mai cutar ke ɗauka kafin a gane ta ya kai shekara 7. Sau da yawa ana ɗaukar ta maruru ne kawai, kunya kuma takan hana mutum nuna wurin ga likita.

Kusan kashi ɗaya bisa uku na masu cutar suna da ɗan uwa na jini mai ita. A 2010 an gano sauyi a wasu ƙwayoyin gado a cikin wasu iyalai a ƙasar Sin, amma irin wannan sauyi a wurin 'yan ƙalilan ake samunsa. Abubuwa biyu da suka fi fitowa fili wajen ƙara haɗarin kamuwa da ita su ne shan taba sigari da ƙiba. Mafi yawan masu cutar a binciken Turai mashaya taba ne ko sun taɓa sha, ƙiba kuma tana ƙara gugar fata da kumburi, don haka cutar takan fi tsanani ga mai jiki. Duk da haka tana kama siriri wanda bai taɓa shan taba ba.

Cututtukan da ke tafiya da ita

Kumburin da ke haifar da ƙurajen bai tsaya a fata ba. Masu cutar sun fi sauran jama'a kamuwa da ciwon suga nau'i na biyu, hawan jini da yawan kitse a jini, waɗanda ke buɗe ƙofar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga mata, ana yawan samun ta tare da lalurar mahaifar ƙwai mai rikita al'ada da jinkirta haihuwa.

Tana kuma da alaƙa da cututtukan kumburin hanji, musamman cutar Crohn, wadda ita ma ke buɗe hanyoyin mugunya a kewayen dubura, har rarrabe su kan yi wuya. Wasu suna fama da kumburin gaɓɓai da ƙashin baya. A fata, takan zo tare da ƙurajen fuska masu tsanani, ƙurajen fatar kai masu zubar da gashi, da ƙurjin da ke fitowa a saman tsagar ɗuwawu. An fi ganinta kuma ga masu lalurar Down.

Zafi, wari da mugunyar da ke ɓata tufafi sukan sa mutum ya guji jama'a, aiki da zaman aure su taɓu. Ciwon damuwa da fargaba sun yawaita a cikin masu cutar, haɗarin kashe kai ma ya fi na sauran mutane. Idan cutar ta daɗe tana iya jawo ƙarancin jini, a wasu lokuta ƙalilan kuma sankarar fata a ɗuwawu da kewayen dubura, galibi ga maza.

Kulawa

Ana auna tsananin cutar da matakai uku da wani likita mai suna Hurley ya tsara a 1989. Magani ya haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tiyata, da alluran rage kumburi irin su adalimumab, wanda aka amince da shi domin cutar a 2015. Likitoci kan shawarci mai ita ya daina shan taba, ya rage ƙiba, a kuma riƙa duba sugansa, hawan jininsa da yanayin hankalinsa.