Ƙananan layukan dogo na baje koli: tarihinsu da yadda ake haɗa su

Yaron da ya tashi a Wurno ko Rabah ko Goronyo, a gabashin jihar Sakkwato, yana iya girma har ya yi iyali bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba. Layin dogon da Turawan mulkin mallaka suka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ne, ya tsaya a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, kuma bai ƙarasa Sakkwato ba.

Amma wannan yaro ya san wani abu da ke kusa da aikin injiniyoyin reluwe. Da kaka, idan an girbe dawa, yakan samo kara ya feƙe ɓawonsa, ya yayyanka tattausan cikinsa, ya harhaɗa su ya ƙera mota, sannan ya yi mata ƙafafu da sakaina ko murfin kwalba ko tsohon silifa. Irin wannan sha'awa ta ƙanƙanta babban abu ita ce a ƙasashen Turai da Amurka da Japan ta zama aikin manya, inda malamai da likitoci da 'yan fansho ke ɓata watanni suna gina ƙaramin layin dogo a kan allo, da tasharsa da gadojinsa, su ɗauke shi a mota zuwa wuraren baje koli.

Asalin abin

Kamfanin Märklin na garin Göppingen a ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fito da tsarin da ake bi har yanzu. A bikin baje kolin birnin Leipzig na 1891 ya nuna jiragen wasa masu wani tsayayyen faɗin dogo, ta yadda mutum zai sayi kan jirgi bana, ya ƙaro taragu da layi baɗi, kuma duka su dace da juna. A Birtaniya, Frank Hornby na birnin Liverpool ya fara sayar da nasa jiragen masu wani irin wani na agogo a 1920. Tun kafin nan, a 1910, masu sha'awar abin sun kafa ƙungiyarsu a birnin London.

Jiragen farko manya ne, sai mai babban gida ke iya shimfiɗa su. Da injinan lantarki suka riƙa ƙanƙancewa sai jiragen ma suka bi sahu, har ya kai ga ana iya ɗora tasha guda a kan teburin cin abinci. Daga nan ne ƙananan layuka masu ɗaukuwa suka samo asali, musamman a Birtaniya inda ɗakuna ba su da yalwa.

Ma'auni shi ne ginshiƙi

Babban abin da ya bambanta wannan aiki da motar kara shi ne ma'auni. Yaro da ido yake awo, shi kuwa mai ginin layi da lissafi yake yi, domin dole ne kome da kome, daga kan jirgi har zuwa akuyar da ke kiwo a gefen tasha, a rage girmansa da adadi ɗaya.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba girman abu gida 87. A wannan ma'auni mutum mai matsakaicin tsawo ba ya wuce santimita 2, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu kuma milimita 16.5 ce. 'Yan Birtaniya sun fi amfani da OO, wato kashi ɗaya cikin 76, amma a kan dogo mai faɗi ɗaya da na HO. Akwai kuma N, kashi ɗaya cikin 160, mai dogo na milimita 9, sai Z da kamfanin Märklin ya fitar a 1972, kashi ɗaya cikin 220, wanda ake iya shimfiɗa shi cikin ƙaramar jakar hannu.

Wanda ke son kwaikwayon jiragen Najeriya yana da ƙarin lissafi a gabansa. Tsoffin layukan ƙasar, kamar wanda ya isa Kano a 1911, faɗinsu milimita 1,067 ne. Sababbin kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Dogon HO na kanti ya yi daidai da sabon layi. Idan kuwa tsohuwar tashar Gusau ko ta Zariya ake so, sai a nemi dogo mai milimita 12, domin idan aka raba 1,067 gida 87 abin da za a samu ya ɗara 12 kaɗan. Haka masu wannan sha'awa ke yi a Afirka ta Kudu da wasu sassan Ostareliya, inda faɗin dogonsu ya zo ɗaya da na tsohon layin Najeriya.

Ma'auni ne kuma ke tilasta wa mai gini ya yi zaɓi. Alal misali, madatsar ruwan Goronyo da ke kan gulbin Rima tana da tsayin mita 21, tsawonta kuma ya kai kilomita 12 da rabi. A ma'aunin HO tsayin zai zama santimita 24, abin da allo zai iya ɗauka, amma tsawon zai haura mita 140, wato ya zarce filin ƙwallo. Saboda haka gwanin gini ba ya ƙoƙarin kawo kome. Yakan ɗauki yanki ɗaya da zai sa mai kallo ya gane wurin, sauran kuma ya zana su a jikin allon baya.

Allo da mahaɗa

Ƙa'idar farko ta layin baje koli ita ce ya shiga mota, ya bi ta ƙofa, mutum ɗaya ko biyu su iya ɗaukarsa. Don haka akan gina shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tsawonta kimanin santimita 120, faɗinta 30 zuwa 60. Akan yi firam da katako marar nauyi, a rufe samansa da filawud, a yi masa ƙafafu masu naɗewa. Katakon da bai bushe ba yakan karkace bayan 'yan makonni, kuma da zarar allo ya karkace jirgi ba zai daina sauka daga layi ba.

Inda aikin ya fi wuya shi ne mahaɗar allo biyu. Kuskuren rabin milimita a nan ya isa ya kayar da tarago a gaban jama'a. Magina kan sa wasu turakun ƙarfe a bakin allo ɗaya da ramukansu a bakin ɗayan, domin duk lokacin da aka haɗa su koma daidai inda suke, sannan a ɗaure da kusoshi masu noti. Shi kuwa dogon, ana shimfiɗa shi ne ya ratsa mahaɗar alhali allunan suna ɗaure, a like ƙarshensa da dalma a kan kusoshin tagulla, daga baya a yanka shi da siririn zarto. Wayoyin lantarki ma da soket ake haɗa su a ƙarƙashi, don kada a riƙa kwance waya a kowace tafiya.

Wutar da ke tafiyar da jirgin ba ta da haɗari, galibi ba ta wuce bolt 12 ba. Ta cikin ƙarafan dogon take bi ta shiga ƙafafun kan jirgi. Idan aka ƙara ta jirgi ya ƙara gudu, idan aka juya ta ya koma da baya. Tun daga shekarun 1990 wani tsari na kwamfuta mai suna DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus, ya ba da damar sarrafa jirage da dama a kan layi ɗaya, kowanne da lambarsa.

Bayan fage

Tun da allon gajere ne, jirgi ba shi da wata tafiya mai nisa. Dabarar da aka samo ita ce a raba layin biyu kamar dandalin wasan kwaikwayo. Akwai fage, inda tasha da gidaje da itatuwa suke, akwai kuma bayan fage, wasu layuka tsirara da aka ɓoye inda ake jera jirage da hannu. Jirgi yakan fito daga ƙarƙashin gada ko bayan wani dogon gini kamar daga wani gari yake, ya sauke kaya, ya juya ya ɓace. A zuciyar mai kallo ya tafi Legas ko Kano, alhali taku ɗaya kawai ya yi.

Wasu tsare-tsare sun yi suna saboda ƙanƙantarsu. A 1957 Cyril Freezer ya wallafa tsarin wata tashar birni mai suna Minories wadda ake naɗe ta biyu kamar littafi. Alan Wright kuma ya shahara da tsarin Inglenook, mai rassan layi uku kacal, ɗaya na ɗaukar tarago 5, biyu na ɗaukar uku-uku. Akan zuba taragu 8, a ce wa mai tuƙi ya zaɓo 5 ya jera su bisa wani tsari da aka yi ƙuri'a a kansa. Hanyoyin jerin sun kai 6,720, don haka ana iya wuni ana wasan ba a maimaita ba, a kan allon da bai fi tsawon benci ba.

Wata hanyar kuma ita ce kowa ya gina gunduwarsa a gida bisa awon da aka amince da shi, ranar taro a harhaɗa su su zama dogon layi guda. Ƙungiyar FREMO da aka kafa a Jamus a 1981 a kan wannan tsari take, kuma ya dace da makarantu, inda kowane aji zai iya ɗaukar gunduwa ɗaya.

Ƙura, zafi da gara

Littattafan wannan fanni a ƙasashen sanyi aka rubuta su, saboda haka mai gini a ƙasar Hausa sai ya yi la'akari da yanayinsa. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba, domin da ta kwanta a kan dogo wuta ta daina ratsawa, jirgi ya riƙa tsayawa. Maganinta murfi da yawan gogewa. Zafin bazara, wanda a yankin Sakkwato kan haura digiri 40, yana sa ƙarfe ya miƙe, don haka akan bar 'yar tazara tsakanin sandunan dogo, kamar yadda ake yi a layin gaske. Gara kuma ba ta barin katakon da aka jingine a ƙasa.

A ɗaya gefen kuma akwai sauƙi. Batirin sola na gida mai bolt 12 yana iya tafiyar da ƙaramin layi ko babu wutar gwamnati. Kan jirgi da dogo ne kawai sai an sayo daga waje, kuma suna da tsada. Sauran duka suna nan a gida: yashin gulbi da aka tankaɗe ya zama tsakuwar layi, jar ƙasa da gam su zama katangar soro, kara ya zama danni da rumfar kasuwa, ƙullin zare ya zama buhunan albasa. Wanda ya iya motar kara ya riga ya iya rabin aikin.

Halin da ake ciki

Layi mafi girma a duniya yana birnin Hamburg, a gidan kallon Miniatur Wunderland da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, inda tsawon dogon ya haura kilomita 15. Sai dai ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda su ne ƙashin bayan baje koli, suna fama da tsufan mambobinsu. A farkon 2024 ƙungiyar Warley ta sanar da dakatar da babban baje kolin da ta shafe kimanin shekaru 30 tana shiryawa a Birmingham, kuma a daidai wannan lokaci shahararren kantin Hattons, wanda aka kafa a Liverpool a 1946, ya rufe.

A arewacin Najeriya matsalar ta sha bamban. Yara suna da yawa, hannu yana da gwaninta, amma motar roba ta kanti da wayar salula suna ture motar kara, kuma ba kasafai ake ɗaukar ta a matsayin ilimi ba. Hakan na faruwa ne a lokacin da harkar jiragen ƙasa ke neman ma'aikata. A watan Disamban 2019 aka aza harsashin jami'ar sufuri a Daura, a watan Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, ga kuma cibiyar koyar da fasahar sufuri da ke Zariya tun 1986.

Allo ɗaya mai tsawon santimita 120 yana koyar da lissafin kashi, da aikin kafinta, da haɗa wutar lantarki, da tarihin gari, kuma yana shiga bayan mota daga wannan makaranta zuwa waccan. Malamin da ke Wurno ko Rabah wanda ba shi da kuɗin sayen kan jirgi yana iya farawa da abin da ke hannu: ya ba ɗalibansa kara da abin awo, ya ce su ƙera motar ɗaukar albasa, amma a wannan karon su auna ta gaske tukuna, su raba kowane awo gida 20.