Kaset ɗin da na tsinta a ƙarƙashin gado

Shekaranjiya ina gyaran ɗakin marigayi kawuna a nan Shanga, sai na ci karo da wani tsohon kwalin sabulu a ƙarƙashin gado. Kaset ne maƙil a ciki, sun kai arba'in. Gara ta cinye takardun jikinsu, wasu kuma zaren ya manne kamar an zuba masa ƙaro. Guda ɗaya kawai na iya karanta abin da aka rubuta masa da biro: "Dandawo, Yelwa". Babu shekara, babu sunan biki. Tun ranar abin ke cina, shi ya sa yau zan ɗan ja ku da nisa. Mai sauri ya wuce abinsa, ba gaba.

Bari in faro daga Amurka. Jimi Hendrix baƙar fata ne ɗan birnin Seattle, bahago, wanda har gobe masana kiɗan jita ke sa shi a sahun farko. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Satumba, 1970, yana da shekara 27. Kundi uku kacal ya yi a situdiyo yana raye, sai guda na wasan dandali. Amma mutum ne mai kwana a situdiyo na'ura na juyawa, ko gwaji yake yi ana ɗauka. Da ya mutu sai aka tarar da tulin zare, kuma fiye da shekara hamsin ke nan ana tono daga ciki. Ko a 2010 da 2013 da 2018 an fitar da sababbin kundaye da sunansa.

Ba a wanye lafiya ba fa. A 1975 wani furodusa, Alan Douglas, ya ɗauki wasu ɗaukar, ya goge kiɗan abokan wasan Hendrix na asali, ya hayo wasu makaɗa suka buga a kai. Masoya suka yi ca. Sai a 1995, bayan doguwar shari'a, mahaifinsa Al Hendrix ya karɓo haƙƙin kayan ɗansa, iyalin suka kafa kamfanin kula da su. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani kaset da ake kira Black Gold. A farkon 1970 Hendrix ya zauna a ɗakinsa a New York, shi da jitar da ba ta lantarki ba, ya rera waƙoƙi 16, ya miƙa wa mai ganga a ƙungiyarsa, Mitch Mitchell. Shi kuma ya ajiye ya manta, sai a 1992 aka gano ashe yana wurinsa. Shekara ashirin da ɗoriya a cikin tarkace. Kun ga kwalin kawu ke nan, banbancin kawai can ba gara.

To mu dawo kusa da gida. Idan ana maganar jita a wannan yanki namu, Nijar za a duba, wurin Abzinawa. Uban tafiyar shi ne Abdallah Oumbadougou, mai ƙungiyar Takrist n'Akal. Lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 yana gudun hijira, kuma an haramta waƙoƙinsa a Nijar. Babu situdiyo, babu kamfani. Rikoda ce ake ajiyewa a gabansa, a danna, ya buga. Wannan kaset ɗin a kwafa zuwa wani, wani zuwa wani, direbobi da fatake su ratsa hamada da shi a ɓoye. Duk wanda ya taɓa kwafar kaset ya san kowane kwafi da asararsa: murya na dusashewa, shuuu na ƙaruwa. A haka waƙoƙin suka game Agadas da Arlit, ba wanda zai ce maka ga na asali. Bayan sulhun 1995 ya dawo gida, a shekarar kuma ya shiga situdiyo a Jamhuriyar Benin ya yi kundin Anou Malane. Sai a 2019 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi ga duniya. Watan Janairun 2020 Abdallah ya rasu. Da ƙyar ya ga abin da idonsa.

Wanda ya biyo sawunsa shi ne ya fi shafar mu. Mdou Moctar, shi ma bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallako Sakkwato, i, Sakkwaton nan tamu, ya shiga irin situdiyon da ake waƙoƙin fim ɗin Hausa, da fiyano da na'urar lanƙwasa murya, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Bai fita kasuwa ba. Ta memori da Bluetooth ya riƙa tsalle daga waya zuwa waya har Mali. A can wani Ba'amurke mai yawon tattara waƙoƙin wayoyi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga ciki, ya yi ta cigiyar mai ita har ya same shi. A 2014 aka buga Anar a faifai. Yau Mdou na cika dandali a Amurka da Turai, 'yan jarida na kwatanta shi da Hendrix. Ni abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda: a Sakkwato aka ɗauki abin, amma sai da wani ya taso daga Amurka kafin a san darajarsa. Wa ya san abin da ya tafi da tsofaffin kwamfutocin situdiyon Sakkwato da Kano ranar da aka goge su don a sami wurin sabon aiki?

Wani zai ce ina ruwanmu da jita. Gaskiya ne, mu namu taushi ne da kotso da kalangu da gurmi da kuntigi. Amma ciwon ɗaya ne, namu ma ya fi tsanani. Makaɗin Hausa ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Yau ya ga wani basarake a wurin ya sako shi, gobe an yi masa kyautar doki ya ƙara ɗa, jibi ya yi wa wani zambo wanda ba zai sake maimaitawa ba. Ku saurari Bakandamiyar Shata a ɗauka daban-daban ku ji. Ma'ana, kowane kaset da wani ya ɗauka da rikodarsa a wurin naɗi ko biki, shi kaɗai ne irinsa a duniya. In ya lalace, an gama. Shata da ya rasu a 1999 shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Narambaɗa, da duk girman sunansa, abin da ke hannun mutane na muryarsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da shekarun da ya yi a fadar Isa. Mu nan ƙasar Yauri muna alfahari da gidan Dandawo, Aliyu da ɗansa Sani, amma tsakani da Allah, waƙoƙin uban nawa ne ɗayanmu ya taɓa ji da kunnensa?

Nan ma da sauƙi, don makaɗan fada ne, gidajen rediyo irin na Kaduna da Rima sun ɗauki wani abu. Ku tuna waɗanda ba wanda ya taɓa miƙa wa makirufo. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, an tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu. Gidaje an gina wasu. Waƙoƙin masunta da na tuƙin jirgi da na 'yan matan Gungawa a gungunan da ruwa ya shanye fa? Sai abin da tsofaffi suka riƙe a ka, su kuma kullum raguwa suke. Shanganci kansa, harshen da ƙaramar hukumar nan ke ɗauke da sunan masu shi, ya koma 'yan ƙauyuka irin su Sakace. In akwai kaset ɗaya da wata tsohuwa ke waƙar daka da Shanganci, wallahi a wurina ya fi Black Gold.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin ɓarnar da hannunmu muka yi ta. Sau nawa aka toshe ramin kan kaset da takarda, aka ɗauki wasan kwaikwayon rediyo ko hirar yara a kan waƙar da ba ta da na biyu? Ni ma na yi ina yaro, na sha bulala, sai yanzu na gane dalilin bulalar. Yau kuma sabon salo ya shigo. Mutum ya samu tsohuwar waƙa, ya yanke farkonta, ya ɗora muryarsa da lambar wayarsa kowane minti biyu, ya watsa. Wannan Alan Douglas ne na tasha. Ga kuma masu ɓoyo, wanda ke da abu mai daraja ya ƙi bari a kwafa, har ya mutu magada su zubar da kwalin a bola ranar rabon gado. Iyalan makaɗan kuwa, da su ya kamata a fara kai wa kwafi a nemi izininsu, galibi ba mai tuna su.

Zaren kaset garin maganaɗisu ne aka manna a jikin leda. Zafi da laima ke sassauta mannin, mu kuma bakin ruwa muke, ga zafin bazara ga damina. Don haka in kana da irin kwalin nan, don Allah kada ka jefa kaset a tsohuwar rikoda ka danna, za ta tauna zaren. Fara juya shi da biro a hankali ka ga ko yana tafiya. Duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zaren ko tana nan. In akwai tsoho a gidan, tambaye shi yanzu: wane biki ne, gidan wa, zamanin wane sarki, ka rubuta a takarda ka haɗa da shi.

Nawa ban saka shi ba tukuna, tsoro nake ji. Mai yiwuwa Sani ne, mai yiwuwa uban ne aka kwafo daga rediyo, mai yiwuwa ma kawu ya ɗora labaran duniya a kai. Na naɗe shi a tsumma na sa a gwangwani. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Yelwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da aka ce har yanzu yana da rikoda mai lafiya. Wanda ke da nasa a Dugu, ko Tungar Giwa, ko Wara, ya kawo mu tafi da su tare.