Tarihin Koyar da Ƙananan Likitoci a Bakin Gadon Majinyaci

Gabatarwa

Aikin likita yana cikin sana'o'in da ba a ƙare koyonsu a ɗakin karatu. Ɗalibi ya kan shekara biyar ko shida a jami'a, ya haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da magunguna, ya ci jarrabawa, amma ba a sanin ko ya iya sai ran da aka tsai da shi gaban mai numfashi sama-sama da tsakar dare. Don haka ne a yawancin ƙasashen duniya ba a sakar wa sabon likita ragama sai ya yi zaman koyo a asibiti ƙarƙashin manya. Koyon nan kuwa ƙafa biyu gare shi. Ta farko ita ce zagayen ɗakin majinyata, inda babban likita ke bin gadaje ɗaya bayan ɗaya, ƙanana na biye da shi, yana tambaya suna amsawa. Ta biyu ita ce aikin mako, watau a ba ƙaramin likita wata mas'ala da ta taso daga majinyacin da ya gani, ya je ya bincika cikin littattafai, ya kawo bayani gaban 'yan'uwansa a mako mai zuwa. Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun al'adun nan biyu, a ga inda suka tsiro, da abin da kan auku in ɗayarsu ta gurgunce.

Asibitocin Musulmi

Tun cikin ƙarni na goma na Miladiyya akwai labarin irin wannan koyarwa a ƙasashen Musulmi. Abubakar ar-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a garinsu Rayy da kuma a Bagadaza, ya rasu wajen shekara ta 925, ya kan zauna almajiransa na kewaye da shi sahu-sahu. Ibn an-Nadim ya ba da labari cikin littafinsa al-Fihrist cewa in mai ciwo ya zo, sai ya fara gaya wa almajiran sahun baya abin da ke damunsa. In sun gane cutar, shi ke nan. In ta gagare su sai ya wuce sahu na gaba, har magana ta kai ga malam. Ta haka kowane almajiri ya ke gwada ilminsa a kan mutum mai rai, ga kuma wanda ya fi shi sani a kusa, ko da zai kuskure.

Har wa yau, a Dimashƙa, Sarki Nuruddin ya gina asibiti cikin 1154, ya ɗora likita Abul Majd ɗan Abul Hakam a kansa. Ibn Abi Usaibi'a, mai tarihin likitoci, wanda ya rasu cikin 1270, ya bayyana yadda wannan likita ke zaga majinyata da safe, ma'aikata na biye da shi, duk abin da ya rubuta wa wani na magani a ba shi ba da jinkiri ba. Bayan haka ya kan zauna a babban zauren asibitin, a fito da littattafai, likitoci da almajirai su jeru gabansa, a yi ta muhawara har sa'a uku. Ga zagaye, ga karatu, a gida ɗaya, a rana ɗaya.

An juya babban littafin ar-Razi, al-Hawi, zuwa harshen Latin cikin 1279, Turawa suka daɗe suna karantar da shi tare da na Ibn Sina. Amma jami'o'in Turai na zamanin nan littattafan suka runguma, suka bar gadon majinyaci. Malami ya hau kujera ya karanta, ɗalibai su rubuta, har mutum ya kan sami shaidar likita bai taɓa duba mai ciwo a asibiti ba.

Daga Padua zuwa Faris

A birnin Padua na Italiya ne abin ya fara sakewa. Wajen 1543 wani malami, Giovanni Battista da Monte, ya riƙa kai ɗalibansa asibitin San Francesco yana yi musu darasi a gaban majinyata. Ɗaliban ƙasar Holan da suka yi karatu a Padua suka kai labari gida, cikin 1636 aka keɓe gado goma sha biyu a wani asibiti na birnin Leiden, shida na maza, shida na mata, don koyarwa kawai. A kan gadajen nan ne Herman Boerhaave ya yi suna tun daga 1714. Sau biyu a mako ya kan zaga da ɗalibai, a tambayi majinyaci tarihin ciwonsa, a duba shi, a rubuta yadda ya kwana. In ya mutu a binciki gawar, a ga ko abin da aka zata shi ne. Gado goma sha biyu ba wani abu ba ne, amma almajiran Boerhaave ne suka kafa sashen koyon likitanci na Edinburgh cikin 1726, su ne kuma suka gyara na Biyana ta ƙasar Ostiriya.

Faransa ce ta mai da abin doka. Bayan juyin mulki, cikin 1794, gwamnati ta kafa sababbin makarantun likitanci, aka ce a rage karatun baki, a yawaita gani da taɓawa, don gani ya kori ji. Cikin 1802 aka fito da tsarin zaɓen samarin ɗalibai da jarrabawa mai tsanani, su zauna cikin asibitocin Faris dare da rana suna kula da majinyata ƙarƙashin manya. Wannan shi ne asalin ƙaramin likita mazaunin asibiti. A irin ɗakunan nan ne René Laennec ya ƙago bututun sauraron ƙirji cikin 1816. Sai dai ya kamata a tuna cewa masu kwanciya a gadajen nan talakawa ne waɗanda ba su da kuɗin kiran likita gida. Da jikinsu suka biya kuɗin magani, sau da yawa kuwa ba a nemi yardarsu ba.

Osler da Aikin Mako

Mutumin da ya haɗa ƙafafun nan biyu wuri ɗaya a zamanin baya-bayan nan shi ne William Osler, ɗan ƙasar Kanada, wanda aka haifa cikin 1849, ya rasu cikin 1919. Tun yana saurayin malami a jami'ar McGill, cikin 1875, ya tara abokan aikinsa su riƙa sayen mujallun likitanci tare, suna tattauna abin da suka karanta. Da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore na Amurka cikin 1889, aka naɗa shi babban likita. A lokacin nan yawancin makarantun likitanci na Amurka laccoci kawai su ke yi na 'yan watanni, su ba da shaida.

Osler da abokin aikinsa William Halsted, mai aikin fiɗa, suka shirya tsani na ƙananan likitoci masu kwana cikin asibiti. Sabo yana ƙarƙashin wanda ya riga shi, shi kuma yana ƙarƙashin shugaban mazauna, kowa na koyar da na bayansa, nauyi yana ƙaruwa gwargwadon gwaninta. Waɗansu sun shekara bakwai ko takwas a kan tsanin nan. Da makarantar ta buɗe cikin 1893, ɗalibai ma aka shigar da su ɗakunan majinyata, aka ba kowa gadajensa, shi zai rubuta tarihin ciwo, shi zai auna jini da fitsari, shi zai yi bayani ran zagaye.

Dabararsa game da aikin mako kuwa mai sauƙi ce. In an kawo majinyaci gaban ɗalibai, aka ambaci sunan wata cuta ko wata alama, sai ya juya ga ɗayansu ya tambaye shi wane ne ya fara bayyana ta. In bai sani ba, ba ya kunyata shi. Sai ya aike shi ɗakin littattafai ya nemo asalin maganar, ya kawo taƙaitaccen bayani a zama na gaba. Ya kan kuma ɗora wa ɗalibi bin sawun majinyacin da aka nuna, ya zo ya faɗi yadda ya ƙare, ko ya warke ko ya mutu. Da maraicen Asabar kuma ya kan tara su gidansa a bi labarin majinyatan mako. Hikimar abin ita ce tambayar daga gado ta ke tasowa, amsar kuma gadon ta ke komawa. Osler da kansa ya nuna cewa ba ya bukatar a tuna shi da kome sai cewa ya koyar da ɗalibai a ɗakin majinyata.

Taron Mako na Boston

Cikin 1900 wani ɗalibin likitanci a Harvard, Walter Cannon, ya lura da yadda ɗaliban shari'a ke koyo ta hanyar nazarin ƙararrakin da aka riga aka yanke, ya ba da shawara likitoci su yi haka da takardun majinyata. Richard Cabot na babban asibitin Massachusetts ya karɓi shawarar. Daga 1910 aka riƙa zama kowane mako, a karanta tarihin wani majinyaci, likita ya faɗi cutar da ya ke zato gaban ƙanana, sa'an nan mai binciken gawa ya tashi ya faɗi abin da aka tarar. Cikin 1912 Cabot ya buga sakamakon nazarin gawa dubu uku, ya nuna cewa likitoci kan kuskure gane cuta fiye da yadda su ke tsammani. Babban darasin taron nan ga ƙaramin likita shi ne ya ga malaminsa ya yi kuskure a bainar jama'a, ya kuma amsa.

Ingila da Nijeriya

A Ingila an daɗe da ƙananan likitoci masu kwana asibiti, amma ba tilas ba ne. Dokar likitoci ta 1950 ce ta wajabta, tun daga 1953, sabon likita ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Da aka ga aiki yana cinye karatu, sai wani taro da aka yi a Oxford cikin 1961 ya ba da shawara a kafa cibiyoyin karatu da ɗakunan littattafai a asibitocin larduna, a sa mai kula da koyon ƙanana.

Wannan tsari na Ingila shi Nijeriya ta gada. An buɗe makarantar likitanci ta Yaba cikin 1930, kwalejin jami'a ta Ibadan kuma cikin 1948. Amma da ya ke babu asibitin da ya isa a koyar a cikinsa, ɗaliban Ibadan na farko Ingila aka riƙa aika su don su ƙarasa koyon duba majinyata, har aka buɗe asibitin koyarwa na Ibadan cikin 1957. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara nata sashen likitanci cikin 1967. Har yanzu sabon likita a Nijeriya sai ya yi shekara guda ta koyon aiki kafin cikakkiyar rajista.

Tsakanin Aiki da Karatu

Ƙaramin likita ɗalibi ne, ma'aikaci ne kuma, a nan matsalar ta ke. Asibiti na bukatar hannuwansa fiye da yadda ya ke kula da karatunsa, har ya zama al'ada a Amurka mutum ya yi sa'a talatin da shida bai runtsa ba. Cikin 1984 wata yarinya 'yar shekara goma sha takwas ta mutu a wani asibiti na New York a hannun ƙananan likitoci masu fama da yawan aiki, babu babba a kusa. Binciken da ya biyo baya ya sa jihar ta ƙayyade aikinsu sa'a tamanin a mako cikin 1989, aka bazu da dokar ko'ina a Amurka cikin 2003. A Ingila an rage zuwa sa'a arba'in da takwas cikin 2009. Ragin ya kawo hutu, amma ya kawo wata damuwa, don majinyaci ya kan bi hannuwa da yawa, ƙaramin likita kuma ba kullum ya ke ganin ƙarshen ciwon da ya ga farkonsa ba.

Abin da tarihin nan ya nuna a fili ya ke. Inda aka bar ɗalibi da littafi kaɗai, an sami malamai waɗanda ba su iya duba mai ciwo ba. Inda aka bar shi da aiki kaɗai, babu babba mai tambaya, babu mas'alar da zai bincika, sai ya yi ta maimaita kuskure ɗaya yana zaton gwaninta ce. Ar-Razi da Boerhaave da Osler, ko da ya ke zamaninsu ya yi nisa da juna, abu ɗaya suka riƙe: malami ya tsaya a bakin gado, almajiri ya taɓa da hannunsa, sa'an nan a tura shi ya karanto. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Duk asibitin da ya hana ƙananan likitocinsa sa'ar zagaye da sa'ar karatu don gaggawar aikin yau, majinyatan shekaru talatin masu zuwa ne za su biya bashin.