Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are: Shekara Hamsin da Yaƙin Kacalla

Tun kafin a haifi wannan hukuma Audu Bako ya yi mata shimfiɗa. Lokacin da yake gwamnan Kano, kan shi ya ɗauki zafi a kan harkar ruwa, kuma a 1974 aka kammala madatsar Tiga, daidai lokacin da fari ya gama ɗaiɗaita garken Fulani da rumbunan manoma. A 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, ta Haɗeja da Jama'are kuwa aka ajiye hedikwatarta a Kano.

Wanda ya ga Kadawa da Kura a shekarun farko ba zai manta ba. Ruwa ya biyo kwalbati ya shiga fili a tsakiyar hunturu, alkama ta yi kore shar a inda jiya ƙura ke tashi. Manomin da ya saba tafiya cin rani ya zauna gida, tumatir ɗinsa ya cika kwanduna ya nufi Legas. Injiniyoyin wancan zamani da kansu suke bin ƙofofin ruwa suna duba ma'auni, ba aike suke yi ba. An shiga shekarun tsuke bakin aljihu, kuɗi suka ja baya, duk da haka a 1992 aka kammala madatsar Challawa.

Sai ga kacalla. Da can kogin yakan ƙafe da rani, ciyawa ta mutu, ambaliyar damina ta wanke hanya. Da madatsun suka sa ruwa ya zama na kullum, sai kacalla ta samu wurin zama. Wasu kan ɗora wa hukumar laifi kacokan, amma wa ya san haka za ta faru a lokacin da yunwa ce ke ƙwanƙwasa ƙofa? Kacalla ciyawa ce da kan wuce tsawon mutum, saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka. Ka sare ta yau, bayan 'yan makonni ta tofo. Ta toshe hanyoyin ruwa har Nguru, ta shanye gonakin shinkafa, masunci ya tura kwalekwale ya rasa ta inda zai bi. Tsuntsun jan baki kuma ya samu masauki, daga cikinta yake tashi da asuba ya faɗa wa gero da dawa.

Ba a naɗe hannu ba. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka haɗu a Damaturu da gwamnatin tarayya, suka kafa asusun kula da kogin. Daga 2014 shirin TRIMING na Bankin Duniya ya shigo da kuɗin gyaran hanyoyin ban ruwa. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan yasa masu aiki a cikin ruwa, mutanen ƙauyuka kuwa har gobe suna fita aikin gayya da lauje, ruwa iya ƙirji.

Matsalar ita ce kuɗin gwamnati shekara-shekara suke zuwa, in sun zo, kacalla kuwa ba ta jiran kasafi. Kuma kogin ya ratsa jihohi da dama, in Jigawa ta yashe nata, na sama da na ƙasa suka bar nasu, aikin baban giwa aka yi. Hukumar ce ke riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa, ita ce za ta iya tsara sakin ruwa yadda ciyawar za ta sha rani. Muna kira ga 'yan majalisarmu na tarayya su tsaya a ware mata kuɗin yasa na dindindin, kuma a riƙa sakinsu kafin faɗuwar damina.