Yadda garkuwar ƙwaƙwalwa ke ƙosawa bayan haihuwa

Ƙwaƙwalwa na da nata ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikrogiliya, waɗanda wani masani ɗan Spaniya, Pío del Río Hortega, ya bayyana a 1919.

Suna shiga ƙwaƙwalwa tun jariri na ciki, amma sai bayan haihuwa suke ƙosawa. A lokacin ne suke fitar da rassa, suna share matattun ƙwayoyi, suna datse mahaɗun jijiyoyin da ba a amfani da su.

Wurno da Rabah da Goronyo na cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da bazara. Idan cutar ta kama yaro, kumburin da waɗannan ƙwayoyi ke tayarwa wajen yaƙarta kan iya raunata ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa rigakafi ke da muhimmanci.