Ribar Abin Kyauta: Mandriva da Kwamfutocin Makarantun Nijeriya

A ƙarshen watan Oktoba na 2007, François Bancilhon, shugaban kamfanin Mandriva na ƙasar Faransa, ya aika wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi, kuma a kan Nijeriya aka yi ta. Mandriva ya samu cinikin ɗora manhajarsa ta Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 samfurin Classmate na Intel, waɗanda za a raba wa makarantu. Ciniki ya faɗa, sai ga labari cewa za a biya shi kuɗinsa, amma a goge Linux a sa Windows. Daga baya asusun USPF, mai ɗaukar nauyin 11,000 daga cikinsu, ya ce yana nan a kan Mandriva.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ciniki guda ya tayar wa kamfanin hankali haka. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana ƙarƙashin lasisin GPL ne: kowa na da ikon kwafa, ya gyara, ya raba. To, me mai irin wannan haja zai sayar?

Mu a Gayam mun san amsar tun kafin mu ga kwamfuta. Ruwan rijiya na kowa ne, amma ɗan ga-ruwa yana cin abinci da shi, domin shi ke kawo shi ƙofar gida kullum, ba fashi. Wannan hanya kamfanin Red Hat na Amurka ya bi. A 2003 ya daina dogaro da sayar da faifai a kwali, ya bar wa jama'a Fedora kyauta, ya koma karɓar kuɗin shekara-shekara daga bankuna da manyan ma'aikatu, a madadin gyara, da toshe kafofin ɓarna, da lamunin cewa idan na'ura ta tsaya da tsakar dare akwai wanda za a kira. A 2012 kuɗin shigarsa na shekara ya haura dala biliyan 1, a 2019 kuma IBM ya saye shi a kan dala biliyan 34.

Mandriva kuwa ya fi karkata ga masu kwamfutar gida, mutanen da ba su ga dalilin biyan abin da ake samu kyauta ba. Ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 2003, ya farfaɗo, ya haɗe da Conectiva na Brazil a 2005, amma aljihu bai cika ba. A ganina, ko da duk kwamfutocin nan sun zauna a hannunsa, cinikin sau ɗaya ne. Makarantar da ke fama da alli ba za ta riƙa biyan kuɗin kulawa kowace shekara ba.

A 2010 wasu tsofaffin ma'aikatansa suka ɗauki manhajar, kamar yadda lasisin ya halatta musu, suka kafa Mageia. An rufe Mandriva a 2015. Linux ɗin kuwa ya iso Birnin Gwari ta wata ƙofar, cikin wayoyin Android, inda Google ke cin ribarsa ta hanyar talla.