Karta da Cakuɗa Ta: Tarihin Wata Sa'a da Hannu ke Shiryawa

1.0 Gabatarwa

A majalisun matasa na Maisandari da sauran unguwannin Maiduguri, wanda ya ci wasan karta akan ce ya taki sa'a. Wannan maƙala za ta nuna cewa wani kaso na sa'ar nan a hannun mai cakuɗa karta yake.

2.0 Asalin Kalma da Wasa

Kalmar karta tana komawa ga charta ta Latin, mai nufin takarda. Ita ma takarda daga tushen nan ta fito, amma ta hanyar Azbinanci. An fara wasan a Sin, ya bunƙasa a Masar zamanin Mamluk, ya shiga Turai wajen 1370. Whot kuwa, wadda ta fi karɓuwa a Nijeriya, William Storey ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935.

3.0 Lissafin Cakuɗawa

Adadin hanyoyin jera kati 52 lamba ce mai alƙaluma 68, amma hannu ba ya kaiwa ga wannan yalwa da sauri. Idan aka raba karta gida biyu aka saƙa su cikin juna, kowane rabi yana riƙe da jerinsa na asali. Saƙa ɗaya kan bar jeri biyu, saƙa biyu ba ta wuce jeri huɗu, don haka mai lura zai iya bin sawun kati. Edgar Gilbert da Claude Shannon sun tsara lissafin wannan a 1955. A 1992 Dave Bayer da Persi Diaconis suka nuna cewa saƙa biyar ba ta wadatarwa, sai wajen bakwai karta ke gaurayuwa. Ɗibar kati kaɗan-kaɗan daga hannu zuwa hannu, wadda ita ce aka fi sabawa da ita, tana buƙatar maimaici dubbai. Saƙar gwani kuwa, ta kati ɗaya bayan ɗaya babu kuskure, sau takwas take mayar da karta yadda take tun farko.

A wasan Blackjack, littafin Edward Thorp na 1962 ya nuna cewa mai ƙirga katin da ya fita yana iya rinjayar gidan caca. Gidajen caca na Amurka suka ƙara yawan karta a teburi, daga baya suka kawo injin cakuɗawa. A Poker, wanda ya ga katin zagayen baya yana iya hasashen na gaba idan cakuɗar ta yi rauni. Haka yake a Whot: tun da ana ɗora kati bisa mai siffarsa ko lambarsa, tarin da aka zubar dangi-dangi yake, cakuɗa biyu ko uku ba ta raba su.

4.0 Kammalawa

Daga 1999 jihohin Arewa 12, ciki har da Borno, sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci wadda ta haramta caca, amma karta ta nishaɗi ba ta gushe ba. Bahaushe ya daɗe yana zargin ɗan caca da maguɗi. Lissafi ya nuna cewa ko babu mugun nufi, raunin cakuɗawa kan fifita mai lura a kan mai jiran sa'a, kuma aljihun na biyun ne ke biya.